Gidan da Gara Ke Ci

Rijiyar unguwar bayan bariki ta lalace, kuma ba a je ko'ina ba kowa ya yarda da hannu aka lalata ta.

Abin ya soma ne bayan ruwan farko na damina. Ruwan rijiya ya ɗauki wani ɗanɗano kamar an ɗauraye kwanon kalanzir a ciki. In ya kwana a randa, sai ka ga wani maiƙo mai launi-launi yana yawo a sama. Da fari aka ce damina ce, zai washe. Bai washe ba. Awakin da ke sha a komin bakin rijiya suka fara kumburi suna mutuwa. Yara suka feso da ƙuraje har cikin baki. Matar tela ta yi ɓari. 'Yar mahauci, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, aka kwantar da ita asibiti, ko ruwa ba ya zama a cikinta.

Gida ɗaya ne kaf unguwar ba wanda ya yi ko ciwon kai: gidan mai wanki.

Shi mai wankin nan kakin sojoji yake wankewa, yana da katin shiga bariki. Ba a unguwar aka haife shi ba, aure ne ya zaunar da shi. Da rani an yi cacar baki da shi, aka hana shi wanki a bakin rijiya, ya ce su riƙe rijiyarsu, shi da ita har abada. Tun ranar bai ƙara jefa guga a cikinta ba, a jarka yake ɗauko ruwa daga bariki. Da aka haɗa wannan da wancan, sai magana ta zauna daram.

Mai Unguwa ya aika a kira masa Mai Sawu, mutumin da ake nema in an kore shanu ko an fasa shago. Wuyansa har ya ɗan karkace saboda kallon ƙasa. Bai jima da dawowa ba, don rani duka ya yi shi a daji yana bin wani garke da aka sace. Kuma shi ne yayan matar mai wanki, ciki ɗaya.

"Ka san abin da ya sa na kira ka," in ji Mai Unguwa. "Ka kuma san abin da ya sa bai kamata in kira ka ba."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Samari sun ce a ba su surukinka. Na ce su dakata. In 'yar mahauci ta cika, ba ni da bakin da zan tare su. Gidan za su cinna wa wuta, ko da wa a ciki."

Mai Sawu ya sosa ƙeya. "Ni fa dabba nake bi, da ɓarawo. Guba ba ta da ƙafa."

"Wanda ya zuba ta yana da su. Tashi ka je."

* * *

Bakin rijiya ya zama kamar an ci kasuwa an watse. Sawun silifa kan sawun ƙafa, kan kofaton akuya, kan tayar baro. Unguwar duka ta zo kallo ta tattake wurin. Mai Sawu ya yi ta zagaye a duƙe, hannu a baya, yana tsaki. Can ta bayan rijiya, inda ba a tsayawa jan ruwa, ya ga sawun takalmin soja, tsoho, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe. Ba sai ya auna ba. Sawun nan ya sha ganinsa a ƙofar gidan ƙanwarsa.

Maganar gaskiya, bai taɓa son mutumin ba. Tun zuwansa neman aure ya ga yana da yawan shiru da saurin fushi. Don haka da ya ga sawun, wani wuri can ƙasan zuciyarsa ya ce, ai da ma na faɗa.

Ya tarar da ƙanwarsa, Auta, tana kankare hanyar gara daga jikin ƙyaure da tsintsiya. Mijinta na zaune a tsakar gida kan turmi, bai fita aiki ba, saboda samarin da suka yi sansani a bakin lungu.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji mai wanki.

"Bar sannun. Me ka je yi bayan rijiya?"

Mai wanki ya dubi takalminsa, ya dubi surukinsa. "Shinshinawa na je yi."

"Shinshinawa. Kai kare ne?"

"Ƙanwarka ce ta ce mini ruwan yana wari. Na je na ji. Yaya, na san warin nan."

"Ka san shi mana."

"Ba haka nake nufi ba. Kayan makanikan bariki, in an kawo mini, haka suke wari. Sai na jiƙa su daban, in ba haka ba su ɓata sauran. Na so in faɗa wa mutane, sai na ga yadda ake kallona."

Mai Sawu ya dube shi. Wannan magana ko dai ta wanke mutum ko ta rataye shi, kuma ya kasa gane wacce. "Ruwan da kuke sha fa?"

"Na famfon bariki ne. Tanka ke kawo musu daga gari, ni kuma in cika jarka."

Auta ta jefar da tsintsiya. "Yaya, dubi gidan nan don Allah. Dubi azara. Gara ta kusa cinye mu da rai, mun kasa kashe ta, wai mu ne za mu kashe unguwa. Kowa magini ya gyara masa gida da rani, mu ya ce ba ya shiga gidan da aka zagi dattawa. Yanzu kuma an aiko ka ka duba ƙafar mijina."

"Ba wanda ya aiko ni kanki."

"To kan wa? Ɗaki ɗaya muke kwana."

Mai Sawu ya fita. Samarin bakin lungu suka bi shi da ido, ɗaya ya ce, "Baba, an gama shirya magana da suruki?" Ya yi kamar bai ji ba.

* * *

Tunda warin na bariki ne, sai ya tuna da ɗan gwangwan, wanda ke sayen tsofaffin gangunan ƙarfe daga wurin sojoji yana sayar wa mata su tara ruwa. Ya same shi yana buɗe bakin wata ganga da guduma da kurfi.

"Me ke cikin gangunan nan kafin su zo hannunka?"

"Iska," in ji ɗan gwangwan. "In da akwai wani abu ciki, soja zai ba ni?"

"Kana wankewa?"

"Sau nawa ma. Kai, Mai Sawu, in wuyan da za a rataya kake nema don ka ceci na surukinka, nawa gajere ne. Awakin da suka mutu a ganga suka sha? Mahauci yana da gangata? Je ka tambaya."

Ya je ya tambaya. Mahauci ba shi da ganga. Tela ma haka. Wannan hanya ta mutu tun ba ta yi nisa ba.

Daga nan ya wuce ɗakin shan magani. Malamar asibiti na shafa wa wani jariri magani a wuya, ba ta ɗago ba ta ce, "In suna ka zo nema, ba ni da shi. Na aika ruwan gari a kwalba a duba, har yau shiru."

"Malama, abu ɗaya nake so. In mutum ya juye jarka guda ta mugun abu a rijiya, zai yi wannan ɓarna?"

"Zai yi. Amma an yashe rijiyar nan, ko ba a faɗa maka ba? An kwashe ruwan tas har laka. Da sabo ya taru, ya dawo da warinsa."

"Ma'ana?"

"Ma'ana ko dai mutumin naku kullum yana zuwa yana ƙarawa, ko kuma ba ta sama abin yake shiga ba. Ni allura na sani. Ƙasa taka ce."

Mai Sawu ya fito kansa ya fi na shiga nauyi. Shi duk aikinsa, abu yana zuwa daga wani wuri ya tafi wani wuri, ya bar alama a tsakani. Wannan kuwa yana nan zaune, ba a ga zuwansa ba, kuma ya ƙi tafiya.

* * *

Sai ya yi abin da ya saba yi wa ɓarawon kaji. Da yamma, bayan an daina zirga-zirga, ya share kewayen rijiya fes, ya barbaɗa rairayi mai laushi, yadda ko ɓera ya gifta sai ya sa hannu. Da gari ya waye ya dawo.

Mage ta wuce. Ƙadangare ya ja wutsiya. Ba ɗan Adam ko ɗaya. Ya jefa guga ya jawo, ga maiƙon nan yana yi masa murmushi.

Ya zauna a bakin komi yana kallon rairayinsa. Ya jima a haka kafin ya gane abin da ke damun idonsa. Ba abin da ke wurin ba ne, abin da babu ne. Duk inda ka zuba sabon rairayi kusa da danshi, kafin safe tururuwa ta yi masa zane, tana ta turo ƙasa. Nan kuwa, taku kaɗan daga zoben simintin rijiyar, ko ƙwaro ɗaya bai taka ba. Ciyawa ma ta tsaya nesa ta yi da'ira kamar an ja mata layi.

Ya sa sanda ya tona. Ƙarƙashin jar ƙasa sai ga wata baƙa, mai danƙo, tana naso. Ya kai hanci, ya kawar da kai. Ya ɗebi cikin tafi ya ƙulle a leda ya sa aljihu.

Nan ya yi kuskure. Ya tafi gidan Mai Unguwa da saurinsa, bai duba wa ke zaune a zaure ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zubawa aka yi ba. Binnewa aka yi, a gindin rijiya."

Mahauci ne zaune a lungun zauren, ya dawo daga asibiti ido jajur. Ya miƙe.

"Binnewa. To ga shi daga bakin surukinsa. Shi ya sa ya je ta baya, inda ba kowa."

"Ban ce shi ba ne."

"Ba sai ka ce ba."

Kafin Mai Sawu ya laluba aljihu, mahauci ya fice. Kafin azahar an jefa dutse na farko kan kwanon gidan Auta. Mai Unguwa ya fita da kansa ya zauna a ƙofar gidan kan kujera, ya ce duk mai son shiga ya bi ta kansa. Ya dubi Mai Sawu ya ce, "Ƙafafuna ba za su kai gobe a nan ba. Ka kawo mini wani abu."

* * *

Ba shi da abin kawowa. Ya bi ta hanyar bayan unguwa don kada ya haɗu da kowa, kai a ƙasa kamar kullum, yana tambayar kansa ko ya haɗa wa ƙanwarsa kaya ta gudu tun da sauran haske. Ramin da aka cika da baƙar ƙasar nan ba aikin mutum ɗaya ba ne, ba aikin ɓoye ba ne. To ta yaya aka yi shi a tsakiyar unguwa ba wanda ya gani? Ko duk sun gani? Tunanin ya ƙi haɗuwa.

Damina ta sa ciyawa ta rufe ko'ina shar. Hanyar jakuna ce, siririya. Sawun rani ruwa ya wanke shi tuntuni, ba abin karantawa. Amma a gefen hanyar ya ga wani ɗan fili kamar tafin hannu, ciyawa ba ta fito ba. Gaba kaɗan ga wani. Ɗaya gefen ma haka. Layi biyu, dama da hagu, daidai inda mangala ke rataye a jikin jaki.

Ya tsuguna ya tona ɗaya da farce. Baƙa.

Jaki ya wuce nan da rani, ba sau ɗaya ba, kaya na zuba kaɗan-kaɗan. Ruwa ya share kofato, amma ciyawa ta ƙi fitowa inda abin ya faɗi. Bai taɓa bin sawu irin wannan ba.

Ya fara bin sa ta ɓangaren da ya nufi cikin unguwa. Layin ya je rijiya, wannan bai ba shi mamaki ba. Abin da ya tsayar da shi, layin ya yi rassa. Reshe ya shiga lungun tela. Reshe ya tsaya a ƙofar mahauci. Ga na ɗan gwangwan, ga na Mai Unguwa. Ya bi wani reshe yana bi yana bi, sai ya ɗago ya ga ƙofar gidansa.

Matarsa na shanya. Ya kwance ledar ya nuna mata.

"Wannan ai ƙasar magini ce," in ji ta. "Ina ka samo?"

"Ƙasar wa?"

"Ta magini mana, mai maganin gara. Da ita aka yi mana daɓen ɗaki kana daji. Ka dawo kana ta yabon ɗakin, ba ka tambayi komai ba. Wai kai mai ganin ƙasa."

Ya juya ya fita. Ya sake zagaya unguwar lungu-lungu. Ƙofa ɗaya ce ciyawa ta fito mata cif, ba tabo ko ɗaya.

* * *

Ɗaya bakin layin ya kai shi shingen wayar bariki, wurin da aka ɗage wayar daidai tsawon jaki. Ta ciki ga wani ƙaton rami, baƙi ƙirin, gefensa duk an sassare da diga. Ruwan sama ya taru a tsakiya yana walƙiya launi-launi. Ba tsuntsu, ba kwaɗo. Bishiyoyin da ke kusa sun bushe a tsaye.

Wani kofur mai furfura, wanda ke kula da sito, ya taho yana saɓe da bindiga kamar mai saɓe da tsintsiya.

"Malam, nan ba hanya ba ce."

"Na gani. Ta jaki ce."

Kofur ya yi dariya. "Kai ma gara ce ta dame ka? Ka bi ta hannun magini, shi na sani."

"Me ake zubawa a ramin nan?"

"Me ba a zubawa? Baƙin mai, ruwan batir, ragowar fenti, maganin ƙwari da ya lalace a sito, man injin wuta, kumfar kashe gobara. In ya taru a cinna masa wuta. Na zo na tarar ana yi, wanda na gada ma haka ya tarar."

"Kai ka ba magini izini?"

"Ya roƙa na ba shi. Ko sisi ban karɓa ba. Mu abin da ke ramin yana raguwa, ku gara tana barinku. Ina laifin?"

Daidai nan tankar ruwa ta shigo ta babbar ƙofa tana rangaji. Mai Sawu ya bi ta da kallo, ya kuma dubi wani dogon tankin ƙarfe da ke tsaye kusa da ramin, ya yi tsatsa, an naɗe famfonsa da waya.

"Kofur, ga rijiyar burtsatse a gidanku. Me ya sa kuke sayen ruwa daga gari?"

"An rufe ta tun zamanin wani kwamanda, ban ma san shi ba."

"Saboda me?"

Kofur ya waiwaya. Ya dubi ramin, ya dubi tankin, kamar yau ya fara ganinsu tare. "Mu ba a faɗa mana dalili," ya ce a hankali. "Umarni ake ba mu."

* * *

La'asar sakaliya Mai Unguwa ya tara mutane a ƙofar gidan mai wanki, tunda can suke da ma. Ga mahauci, ga tela, ga ɗan gwangwan, ga malamar asibiti. Aka kira magini, ya zo yana goge hannu a riga, tafukansa duk sun sale. Mai wanki ya tsaya a bakin ƙofa, Auta a bayansa.

Mai Sawu ba mai iya jawabi ba ne. Ya ce, "Wa gara ke damu a gidansa?"

Aka yi dariya. Wani ya ce, "An kira mu maganar rijiya ko ta gara?"

"Na ce wa take damu?"

Ba wanda ya motsa. Can mai wanki ya ɗaga hannu, shi kaɗai.

Mai Sawu ya kwance leda ya shimfiɗa a ƙasa. Mutane suka leƙa. Tela ya ce, "Ƙasar magini ce ai," kamar wanda aka nuna wa gishiri.

"Ita na tono a gindin rijiya."

"To ai mu muka sa," in ji ɗan gwangwan. "Da rani, da saiwar bishiya ta fasa zoben siminti. Magini ya ce in an cika bayan zoben da ita, saiwa ba ta ƙara kusantowa. Aikin gayya aka yi, kowa ya ɗauka. Mahauci ma a baro ya yi ta..." Bai ƙarasa ba.

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ni da ma warin ruwan nan ya yi mini kama da sabon daɓe."

"Kowa ya ɗauka?" in ji Mai Sawu.

Mai Unguwa ya sunkuyar da kai. "Ban da mutum ɗaya. Mun ce kada ya taɓa mana rijiya."

Mai Sawu ya juya ga magini. "Faɗa musu inda kake ɗebo ta."

Magini ya yi ta murza salallun hannuwansa. "Sirrin sana'a ne."

"Faɗa, ko in kai su su gani."

Ya faɗa. Ya ƙara da cewa shi ya lura ne gara ba ta hawa turakun shingen da ke kusa da ramin, ya gwada a ɗakinsa, ya ga ta yi. "Jikokina a kanta suke rarrafe," in ji shi. "In na san guba ce zan shimfiɗa wa jikokina? Abin da ya kashe gara na ɗauka gara kawai ya sani."

Mahauci ya matso. "To wa ya yi?"

"Ban sani ba," in ji Mai Sawu.

"Kamar ya ba ka sani ba? Aikinka ke nan. Kai ne kake cewa ga ɓarawo."

"Magini ya ɗebo. Kofur ya ɗage masa waya. Ku kuka zuba. Matata ma ta shimfiɗa mini ita ina kwana a kai. Waɗanda suka cika ramin, wasu an yi musu canji, wasu sun mutu. Wanda ya rufe rijiyar bariki ya yi shiru da bakinsa, ko sunansa kofur bai sani ba. Zaɓi wanda za ka doka. Ni dai wanda bai yi ba na sani."

Malamar asibiti ta ce, "Kuma kada ku ɗauka in an kwashe ƙasar shi ke nan. In tasu rijiyar ta lalace tun kafin magini ya san hanyar, to abin yana tafiya ta ƙarƙashinmu da ƙafarsa. Ku dai kun rage masa hanya ne."

Mahauci ya dubi dutsen da ke hannunsa, bai san lokacin da ya ɗauka ba. Ya duba hagu ya duba dama, ya rasa inda zai kai shi. Ya ajiye a ƙasa a hankali. Taro ya watse ɗaya-ɗaya, ba wanda ya kalli ƙofar mai wanki, ba wanda ya ce masa yi haƙuri.

* * *

Mai Unguwa da dattawa suka kai kuka bariki. An karɓe su da mutunci, an ba su kujeru da ruwan sanyi, an ce za a duba. Aka kuwa duba. Aka ɗinke waya, aka rufe ramin da tsakuwa, aka yi wa kofur canjin wurin aiki. Aka liƙe bakin rijiya da siminti. Tanka ta riƙa leƙo unguwa, yau ta zo, gobe a yi ta jira. Mutane suka yi ta fasa daɓen ɗakunansu, sannan suka tsaya da ƙasar a baro suna tambayar juna inda za a kai ta.

Sai kuma aka fitar da umarni: tunda maganar cikin bariki ta fita waje, farar hula ba ya ƙara shiga. Aka karɓe katin kowa. A unguwar nan mutum ɗaya ne mai kati.

Mai wanki ya nemi wankin unguwa. Ba wanda ya kawo masa ko hula. Ba ƙiyayya ba ce yanzu, kunya ce, kuma ta fi ƙiyayyar wuyar sha'ani, don mutum in ya hango shi sai ya canza lungu. Ga shi wanki sai da ruwa, ruwa kuwa ya zama na layi.

Wata safiya Auta ta kawo wa yayanta makulli. "Za mu garinsu," in ji ta.

"Ku dakata mana. Abin zai lafa."

"Ya lafa, Yaya. Shi ya sa za mu tafi."

Mijinta na tsaye nesa kaɗan da ƙunshin kaya a ka, dutsen guga a hannu. Mai Sawu ya je ya tsaya gabansa. Akwai maganar da ya kamata ya faɗa, tun ranar da ya ga sawu a bayan rijiya. Ya neme ta ya rasa. Ya ce, "Takalmin nan naka yana son dunduniya."

"Zan sa a gyara, Yaya."

Ba su daɗe da tafiya ba sai ga mahauci, yana saɓe da 'yarsa da aka sallamo, ta rame kamar tsinke. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya ce malamar asibiti ta ce kada yarinyar ta kwana inda aka yi baƙin daɓe, ko an fasa shi, kuma ya zagaya unguwar duka, gida ɗaya ne ba a yi wa ba.

Mai Sawu ya miƙa masa makullin. "Ka yi hankali da azara," ya ce. "Gara ta ci ta."

Daga nan ya fita, ba don yana da wurin zuwa ba. Kansa na ƙasa kamar kullum. Ga takalmin soja mai cinyayyar dunduniya, ya nutse saboda nauyin kaya. Ga 'yar silifar Auta a gefensa, tana tsayawa tana waiwaye, sau da yawa. Mutumin da bai ɗauki ko cikin cokali na ƙasar nan ba, shi ya bar aikinsa da gidansa saboda ita. Mai Sawu ya bi su har bakin kwalta. Nan sawun ya ƙare.